Geron da Na Watsa a Duwatsun Manchester

Tun da na dawo daga Ingila ba a bar ni na sha shayi da zafinsa ba. A shago tambaya, a masallaci tambaya, a wajen ɗaurin aure ma wani sai da ya bar rabon goro ya biyo ni yana cewa, "Alhaji Sale, yaya ƙasar take?" Na ba da labarin har maƙogwarona ya fara ƙara kamar tsohon injin markaɗe. Shi ya sa na ce bari in rubuta shi sau ɗaya, duk wanda ya tambaya in miƙa masa, ni ma in samu in huta.

Amma kafin in fara, ya kamata ku san da wa kuke magana. Daga Kano har inda Hausa ta ƙare, babu wanda ya fi ni sanin halin tsuntsu. Tun ina yawo da gajeren wando nake kiwon tantabara a saman soronmu na Fagge. In na yi fito ɗaya, tantabarun unguwa uku ne suke sauka, har da na maƙwabtan da ba ma ga maciji. Na taɓa duban wata zabuwa na ce gobe za ta yi ƙwai, don kunya ta yi shi a ranar.

Da wannan ilimin na kama hanya. Ƙanena Aminu likita ne a Birmingham, ya daɗe yana damuna in zo in ga yara. Ga kuma Rabi, 'yar yayata Hajiya Ladi, wadda ta samu tallafin karatu tana digiri na uku a Manchester. Ana gobe zan tashi uwarta ta ja ni gefe.

"Sale, ka dubo min yarinyar nan da kyau. An ce min tsuntsu take karanta. 'Ya'yan mutane suna likita, ita tsuntsu. Ka gano min ko lafiya take."

Na ce, "Yaya, in dai tsuntsu ne ki kwantar da hankalinki. A zama ɗaya zan koya mata abin da Turawa za su shekara ba su kai gare shi ba."

Tun a filin jirginsu aka fara rage mini tsawo, kuma kare ne ya fara. Wani ɗan gajeren kare mai rigar aiki ya zo ya zauna kusa da jakata, ya ɗaga kai yana kallona kamar na ci masa bashi. Matar da take riƙe da shi ta yi mini murmushi, ta nemi in buɗe. Kilishin da na sa aka yi mini na musamman, mai yajin da in ka ci sai kunnenka ya yi gumi, ta ɗaga shi a haske kamar tabarma, ta ce nama ba ya shiga ƙasar. Ta ba ni haƙuri ya fi a ƙirga, amma ba ta mayar mini ba. Da ta kai kan daddawa, buɗe ledar kawai ta yi ta ja da baya, ta ce in ɗaure abina in wuce. Karen ma bai sake kallon inda nake ba.

Aminu yana zaune a Perry Barr, cikin irin gidajen nan da aka jera su manne da juna kamar haƙori. Babban likita guda, amma falonsa bai kai zauren gidanmu ba. Watan Mayu ne, su a wajensu zafi ya fara, yara suna yawo da 'yar shimi, ni kuwa riga uku na sa har da ta Aminu. Rana kuma ba ta da niyyar faɗuwa. Ka gama cin tuwon dare ka leƙa waje ka ga gari tas kamar la'asar, Magariba tana can tana jan ƙafa.

Matarsa Maryam, akanta ce, ita ta ba ni darasin farko, kuma a kan shara ne.

"Yaya, wannan bin ɗin na kwali ne, wannan na kwalba, wannan na sauran abinci. In ka haɗa su, masu kwasar shara na council ba za su ɗauka ba."

"To, shara ma sai an yi mata dangi?"

"Yaya, ranar Talata suke zuwa. Please kar ka ja mana."

A banɗaki famfo biyu ne, ɗaya yana zubo ruwan da zai fige kaza, ɗaya na ƙanƙara, babu na tsakiya. Alwalar farko da na yi, hannun dama ya dahu, na hagu ya sandare. 'Ya'yan Aminu kuwa Turancinsu ta hanci yake fita. Ni da nake taƙama da Turancin kasuwa, sai dai in gyaɗa kai in ce, "Allah ya yi muku albarka." Suna dawowa daga makaranta suke rungume ni, ba durƙuso, ba komai, amma babbar ita take haɗa mini shayi kullum ba tare da an sa ta ba.

Ranar Asabar Aminu ya kai ni Sparkhill. A kan Stratford Road ne na ji kamar na dawo gida: ga mahauta, ga masu yadi, ga ƙanshin shinkafar Pakistan, ga wani burodinsu mai faɗi ɗan'uwan gurasa. A wani shago na hango gero a leda, geronmu sak. Na saya don Maryam ta dama mana kunu, amma kafin mu isa mota na riga na cika aljihu. Wannan tsohuwar al'adata ce. Aljihuna bai taɓa rabuwa da gero ba, uwargida ta gaji da tsinto shi a wajen wanki. Muna ratsa wani fili na ga tantabarun gari, na yi fitona na watsa musu hannu ɗaya. Suka sauko kamar ruwan sama.

Na ce, "Ka gani ko, Aminu? Har nan sun san muryata."

"Yaya, geron suka sani. Kuma don Allah ka daina, ana fine a kan wannan, tara ake cin mutum."

Ban kula shi ba. Likita ne, me ya sani game da tantabara?

Zuwa Manchester doguwar mota na hau. Ta tashi a kan lokacinta ko rabi ba ta cika ba, babu ɗan kamasho, babu mai tallar rake, babu wanda ya ce a yi addu'a. Na yi wa na kusa da ni sallama da Turanci na tambayi iyalinsa, ya dube ni a tsorace ya toshe kunnensa da waya. Haka muka tafi shiru kamar an ɗauko mu zuwa gaisuwar mutuwa.

Rabi ta tarye ni, muka hau tram, ɗan jirgin ƙasan cikin gari, zuwa Cheetham Hill, unguwar manyan sito-sito na 'yan sari, kowane launin ɗan Adam akwai shi. Ta sama mini ɗaki a flat ɗin wani ɗalibi ɗan Gusau da ya tafi hutu. Ɗakin in ka yi atishawa ƙofa buɗewa take. Da yamma ta sayo mana kifi da soyayyen dankali a naɗe cikin takarda, kifin ƙato kamar takalmi amma ba gishiri ba yaji, sai da na ceto shi da nawa yajin. A nan na lura yarinyar ta rame, hannunta duk ya yi kaushi.

"To Rabi, nuna min wannan tsuntsun da ya hana ki zama likita."

Ta miƙo mini wayarta. Baƙin tsuntsu ne, bai kai kurciya ba, da wani farin zane a ƙirji mai lanƙwasa kamar jinjirin wata.

"Wannan ai hankaka ne da bai ƙoshi ba."

Ta yi dariya. "Kawu, ring ouzel sunansa. Kuma ɗan Afirka ne rabi da rabi. Lokacin sanyi yana duwatsun Maroko, in bazara ta zo ya ƙetaro teku ya zo nan ya yi sheƙa. Ba ya zama a gari, ba ya zama a gona. Sai can saman tsauni, inda akwai wasu gajerun itatuwa da yake ɓoye sheƙarsa a ƙarƙashinsu."

"To me ya dame shi?"

"Gidan nasa ne yake ƙarewa, ta ko'ina. A can ana sare itatuwan da yake cin 'ya'yansu. A nan tumaki suna cinye ƙananan itatuwan, wani wurin a ƙone, wani wurin a share a yi wani abu. Kwarin da nake fieldwork, wato bincikena, saura miji da mata guda tak."

Daga nan ta ajiye cokali ta gaya mini abin da ya rame da ita. Kwarin na wani manomi ne mai tumaki. An roƙe shi ya killace gefen da tsuntsayen suke sheƙa, ya yarda, amma da sharaɗin su riƙa fitar da 'ya'ya. Bara da bara waccan sheƙar lalacewa ta yi. Ya ce in bana ma ba su fitar da 'ya'ya ba, zai cire shingen ya saki tumakinsa, don shi ma ciyawa yake nema, kuma babu mai ganin laifinsa. In tumaki suka shiga, itatuwan sun tafi, tsuntsun ba zai ƙara dawowa ba.

"Yanzu akwai 'ya'ya huɗu a ciki, Kawu. In suka tashi, kwarin ya tsira. In ba su tashi ba, shi ke nan, har da rabin thesis ɗina, kundin digirin nawa."

Na bugi ƙirji. "Gobe ki kai ni. Allah ne ya kawo miki ni."

Na fito da safe cikin babbar rigata ta shadda da takalmi mai tsini. Rabi ta dube ni sama da ƙasa, ta koma ta ɗauko wasu takalman roba irin na masu aikin kwata da wata rigar ruwa ruwan ganye, ta ɗora mini a kan babbar rigar. Na koma kamar buhun da aka cika da yawa. Muka hau jirgin ƙasa zuwa wani ƙauye a gindin duwatsu, inda wata tsohuwa mai suna Brenda take jiranmu da 'yar motarta. Malamar makaranta ce da ta yi ritaya, ta haura saba'in, siririya kamar karan dawa. Ba albashi ake ba ta ba, ba a gwamnati take ba, don kanta take gadin tsuntsayen nan tun tana budurwa. Na ce a raina tsohuwar nan sai mun goya ta. Kafin mu kai rabin hawa ni ne nake zaune a kan dutse ina neman numfashi, ita tana can sama tana jirana da haƙuri.

Abin mamaki, Turawan da ba sa gaisuwa a mota, a kan tsauni kowa gaishe ka yake. Duk wanda muka haɗu da shi sai ya ce sannu, ya yaba kyawun gari, alhali yayyafi ake. Itatuwan da Rabi ta faɗa kuwa, in kun san sabara, to ƙanwarta ce: ba su wuce gwiwa ba, cunkus, sun lulluɓe gangaren.

Muka zauna bayan wani dutse a bakin hanyar masu yawo, nesa da sheƙar sosai. Rabi ta kafa madubin hangen nesa, ta nuna mini wani tsagi a ɗaya gefen kwarin. Muka yi ta jira. Na fara ba Brenda labarin zabuwata, Rabi ta ce, "Kawu, a hankali." Na rage murya na ci gaba, ta ce, "Kawu, shiru ake yi." Sau biyu suna cewa ga shi can, kafin in sa ido ya shige. Ni da tantabarun unguwa uku suke amsa kirana, ɗan tsuntsun da bai kai cikin tafin hannu biyu ba yana ja mini aji.

Can wajen azahar suka ce za su gangara su gaida manomin, su duba shingen ta ƙasa. Rabi ta ce, "Kawu, ka zauna nan ka huta da gwiwarka. Kar ka matsa kusa, don Allah."

Na ce to. Suna ɓacewa na fara tunani. Yarinya ta rame a kan tsuntsun nan. Uwa da uba suna ta wahalar nemo wa 'ya'ya huɗu abinci. Ga ni da gero cike da aljihu, ga ragowar burodin da Brenda ta ba ni. Wane mai kiwo ne zai ga tsuntsu da 'ya'ya ya hana shi tsaba? A wajenmu wannan ko tambaya ba a yi. Turawa dai ba su san dabarar ba ne, shi ya sa suke zama a nesa suna leƙe kamar masu jin kunyar suruki.

Na lallaɓa na tsallaka shingen, na samu wani shimfiɗaɗɗen dutse ƙasa kaɗan da tsagin, na watsa geron nan tas, na marmasa burodi a kai, na yi fitona mai daɗi, na dawo na zauna ina jiran su zo su tarar da tsuntsunsu yana ci a gabana.

An amsa gayyatar, amma ba wanda na gayyata ba. Hankaka ɗaya ya fara sauka. Nasu baƙi ne ƙirin, ba shi da farin ƙirji irin namu, ga baki kamar gatari. Ya ɗauki burodi ya yi kira, na biyu ya zo, na uku ya zo. Kafin su Rabi su hawo dutsen nan ya zama kasuwa.

Rabi ta tsaya cak. Ba ta sa ido a madubin ba ma.

"Kawu, me ka zuba a can?"

"Ɗan gero ne. Don iyayen su samu sauƙi."

"Ba ya cin gero, Kawu. Tsutsar ƙasa, tana, yake tonowa ya kai wa 'ya'yansa." Muryarta ƙasa-ƙasa take. "Hankaka shi yake cin 'ya'yan. Su suka cinye na bara. Tun da aka yi ƙwan nan iyayen suke zagaye kafin su shiga, don kada hankaka ya gane wurin. Mu ma shi ya sa ba ma matsawa. Yanzu ka nuna musu ƙofar gidan."

Da ta yi mini tsawa da ya fi mini sauƙi. Juya baya kawai ta yi tana goge ido da bakin mayafinta. Na taɓa faɗuwa a kan babur a gaban surukaina, amma ban ji abin da na ji a ranar ba.

Brenda ce ta karɓi zancen. Ba ta ce mini komai a kan laifina ba. Ta ce a je a kwashe yanzu, sau ɗaya, da sauri. Muka tsallaka mu uku, hankakin suka watse, muka durƙusa muna tsintar gero a tsagogin dutse da yatsa. Duk wanda ya san ƙanƙantar ƙwayar gero ya san aikin da na ba tsohuwar nan. A sama kuma ina jin wata ƙara, tak-tak-tak, kamar ana buga tsakuwa biyu. Rabi ta ce uban ne yake zaginmu, mu yi sauri.

Da muka dawo bayan dutsenmu Brenda ta yi bayani, Rabi tana fassara mini inda Turancina ya gaza. Hankaka ba ya mantuwa. Inda ya ci yau, gobe zai dawo ya duba, jibi ma haka, kuma in yana zagaye wurin dole ya ga iyayen suna shiga. Abu ɗaya ne yake tsoro: mutum a zaune a fili. Shi kuma ɗan tsuntsun ya saba da masu wucewa ta hanyar, in dai ba a matso ba kuma ba a yi hayaniya ba, ba ruwansa. Ana bukatar wanda zai zauna a kan dutsen bakin hanya, inda hankaka zai gan shi, daga safe har yamma, har hankakin su fid da rai. Rabi tana da wasu kwaruruka da za ta duba, ga kuma karatu a jami'a. Brenda tana da miji marar lafiya a gida.

Na ce, "Ni zan zauna."

Rabi ta dube ni. "Kawu, ba magana fa. Ba waya, ba fito, ba labari."

Ku da kuka san ni kun san abin da aka nema a wajena. Ni da ko a kujerar mai cire haƙori sai da na ba da labari. Amma na zauna. Filin ƙwallon da yaran unguwa suka ce in ɗauko musu hotonsa, ko bangonsa ban gani ba. Kantunan da uwargida ta yi mini kwatance ban taka ba. Kullum jirgin farko, Brenda ta ɗauke ni a tasha ta kai ni, ta bar mini shayi a flas wanda ba a taɓa nuna masa sukari ba. Ita ta nuna mini alƙibla da wani ɗan agogonta na gane gabas, kuma rana ta biyu sai ga ta da wata leda mai kauri don in shimfiɗa in yi salla ƙasa ba ta jiƙa ni ba. Ruwa ya dake ni, iska ta mare ni, tumakin manomin suna leƙena ta shinge suna tauna kamar sun san labarin.

A wannan zaman ne na ga tsuntsun da gaske. In ka yi shiru ashe fitowa yake. Namijin ya hau kan dutse, farin nan na ƙirjinsa yana haske kamar an wanke shi da bula, ya yi wani kuka siriri mai sa mutum ya tuna gida. Ni dai Jinjirin-wata na sa masa. Ya sauka a ciyawa, ya karkata kai, ya fizgo tana, ya ƙara, ya ƙara, har bakinsa ya yi gemu. Sannan ba zai nufi sheƙa kai tsaye ba. Sai ya yi yamma, ya laɓe, ya duba sama, ya ɓullo ta wani gefen. Macen ta fi shi wayo ma, ita ba ka ganin shigarta sai fitarta. Haka suke yi tun safe har yamma, ba hutu, ba mai watsa musu ko ƙwaya. Na tuna tantabaruna da suke kwana a ɗakin da na gina musu, su ci geron da na saya, su yi ƙiba har tashi yana yi musu wuya. Wannan ɗan abu kuwa ya ƙetare teku ba biza, ba kare mai riga da ya tare shi, ya dawo tsagin da ya sani a bayan duniya.

Wata rana Brenda ta ɗan zauna da ni, ta nuna mini kwaruruka da sandarta, cikin raɗa. Ta ce tana yarinya kowanne da nasa mawaƙin. Ba rana ɗaya suka tafi ba. Bana a rasa na wancan, baɗi a rasa na wancan, babu wanda ya yi kuka don babu wanda ya lura. Sai na tuna ungulu. Muna yara, rufin mayanka baƙi yake da su, har jifansu muke. Yaushe rabona da in ga ungulu a Kano? Na yi ta lissafi na kasa. Ni masanin tsuntsu, sun ɓace a kan idona, ban ma san ranar da zan ce na neme su na rasa ba.

Hankakin sun yi ta zuwa. Su zagaya, su gan ni, su yi tsaki su wuce. Amma akwai wani ƙato, shugabansu ne ina jin, girmansa ya kusa ɗan akuya. Ranar nan ya gane cewa wannan buhun da ke kan dutse ba ya motsi. Ya sauka a shimfiɗaɗɗen dutsen nan, ya duba ba burodi, ya fara tsalle yana hawa wajen tsagin yana leƙa ƙarƙashin itatuwa. Kafin in yi wani tunani Jinjirin-wata ya faɗo masa daga sama kamar an harbo shi, tak-tak-tak, ya doki ƙeyarsa. Macen ta fito ta ɗaya gefen. Su biyun in an haɗa ba su kai fiffikensa ɗaya ba, amma ba su ja da baya ba. Hankakan yana kaucewa yana ƙara matsawa.

Ihu ya zo mini har maƙogwaro na haɗiye shi. Jifa ba dama, kar in samu sheƙar. Sai na miƙe tsaye a kan dutsen, na tuɓe rigar ruwan, na kama hannayen babbar rigata na buɗe su gaba ɗaya. Iska ta shiga ta cika ta. Ina jin tun da aka kafa Ingila hankaka bai taɓa ganin shadda kamu goma ta tashi tsaye a kan tsauni ba. Ya yi wata ƙara ya tashi, bai tsaya ba sai da ya zama ɗigo. Wasu Turawa biyu masu yawo da suka ɓullo a lokacin suka tsaya, suka ce mini sannu, suka yaba kyawun gari, suka wuce da ɗan sauri.

Daga ranar hankakin suka rage zuwa. Ni kuma lokacin komawata ya matso, dole na koma Birmingham in haɗa kaya, 'ya'yan ba su riga sun tashi ba. Rabi ta raka ni tasha. Na ce mata zan gaya wa uwarta lafiyarta ƙalau, kuma a duk zuriyarmu ban ga wanda ya kama aikin da ya fi nata ba. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Kawu, ka dai yi mana addu'a."

Kwanakin nan na Perry Barr ko kunun Maryam ban ji daɗinsa ba. Waya na yin ƙara sai gabana ya faɗi. Ana gobe zan tashi, muna falo ni da Aminu muna danne akwati, sai ga kiran Rabi. Na sa ta a lasifika don Aminu ma ya ji.

"Kawu, sun tashi. Yau da safe na gan su a cikin itatuwa, uban yana ba su abinci. Uku."

"Na huɗun fa?"

"Ba mu gan shi ba. Yana faruwa, Kawu, ko ba hankaka. Ba wanda zai iya cewa ga dalili."

Ni ma ba zan iya cewa ba, kuma har yau ban manta da na huɗun nan ba.

"Amma manomin ya zo ya gani da idonsa," in ji ta. "Ya ce shingen yana nan. Har yana tambaya ko a ƙara faɗinsa."

Aminu ya yi hamdala, Maryam ta fito daga kicin tana tafi. Ni kuma da na ji numfashina ya dawo, sai bakina ya dawo tare da shi. Na gyara zama na ce, "Aminu, ka dai ji da kunnenka. Shekara biyu Turawa suna fama abu ya gagara, na zo na yi zama ɗaya. Rabi, ki gaya wa Brenda kar ta damu, baɗi ma ina nan tafe."

"Ai ta ce in gaishe ka sosai, Kawu. Ta ce ba ta taɓa ganin mai haƙurin zama irinka ba."

"Kin ji ko. Tsohuwar nan ta san mutane."

"Ta ce kuma in za ka zo baɗi, don Allah ka bari sai sun tashi."